Kansa da jijiya: daga ina ƙwayoyin ciwon daji ke samo ƙarfin yaɗuwa?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji, ko ya raka wani asibiti karɓo sakamako, ya san akwai tambaya guda da kowa ke tsoron jin amsarta, wato ya bazu ko bai bazu ba. Domin ƙari in yana zaune wuri ɗaya likita na iya yanke shi, ko a yi masa gashi, da yawa ma su warke sarai su koma harkokinsu. Amma da zarar an ce ya tashi daga nono ya sauka a huhu, ko hanta, ko ƙashi, ko ƙwaƙwalwa, to magana ta canza gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum miliyan 20 ne suka kamu da kansa a duniya, miliyan 9.7 suka rasu, kuma mafi yawan waɗanda ciwon ke kashewa wannan yaɗuwar ce ke yin ajalinsu. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu fahimci wani abu da masana suka gano kwanan nan, wanda ya nuna cewa jijiyoyin jikin mutum da kansu suna da hannu wajen ba wa ƙwayoyin kansa ƙarfin tafiya. In na ce jijiya a nan ina nufin jijiyoyin saƙo, waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka suna kai umarni suna dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi, ban da jijiyoyin jini.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yaɗuwa aiki ne mai matuƙar wahala ga ita kanta ƙwayar kansar. Mu muna ɗauka kawai ɓallewa take ta bi jini ta sauka inda ta ga dama, ina! Sai ta fara rabuwa da ƴan uwanta, kuma ƙwayar jiki a ƙa'ida in ta rabu da inda take manne mutuwa take yi, sannan ta huda nama ta shiga magudanar jini, can kuma ga ƙarfin gudun jinin yana ta buga ta da bango, ga sojojin jiki suna farautarta, ga wasu sinadarai masu ƙuna da ke taruwa a cikinta suna lalata ta daga ciki, in ta tsira daga duk wannan sai ta sake huda bango ta fita a wani wuri da ba ta saba da shi ba, abincinsa daban, yanayinsa daban. Tun a 1970 wani masani a Amurka mai suna Isaiah Fidler ya zuba ƙwayoyin kansa a jinin ɓeraye ya bi diddiginsu, ya tarar waɗanda suka rayu har suka kafa sabon ƙari ba su kai ɗaya cikin dubu ba. A 2015 kuma tawagar Sean Morrison a Tekzas ta nuna da kansar fata cewa waccan ƙunar sinadaran tana cikin manyan abubuwan da ke hallaka su a hanya. To tambayar ita ce, su ƴan tsirarun da ke tsira, me suke da shi da sauran ba su da shi?

Amsar tana kai mu ga maganar makamashi, don haka bari mu ɗan tsaya a nan.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa da ake kira maitokondiriya, ɗaruruwa ko ma dubbai a ƙwaya ɗaya. Ku ɗauke su kamar janareto, ana zuba musu abin da ya fito daga sukari da kitse, su haɗa da iskar oksijin da muke shaƙa, su fitar da wani sinadari mai suna ATP wanda da shi ƙwaya ke yin duk wani aiki, motsi, gyara, rabuwa gida biyu, komai. Ƙwaya na iya samun ATP ba tare da su ba, ta fasa sukari kawai a gurguje, amma ribar ba ta da yawa, ATP 2 kacal daga ƙwayar sukari ɗaya, alhali in aka bi ta cikin maitokondiriya ana samun wajen 30. Wani abin kuma da zai yi mana amfani nan gaba, maitokondiriya na da nata DNA ɗin daban da na tsakiyar ƙwaya, mai ɗauke da ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa ake gadonsa. Wannan ne ya sa masana ke iya gane cewa wannan maitokondiriyar ta asalin ƙwayar ce, waccan kuma baƙuwa ce daga wani wuri.

A shekarun 1920 wani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukari da yawan gaske suna fasa shi ta waccan hanyar ta gurguje ko da kuwa akwai oksijin a wadace. Gaskiya ya gani, har yau hoton PET da ake yi wa masu kansa a kan wannan ya dogara, ana yi wa mutum allurar wani sukari mai alama sai a ga inda ya fi taruwa. Inda ya zarce shi ne da ya ce ai maitokondiriyar kansa ta lalace ne shi ya sa. Shekaru da dama mutane suka tafi a kan haka, daga baya ta bayyana cewa a mafi yawan kansa maitokondiriyar na nan tana aiki, kuma kansar na buƙatarta sosai. A 2015 tawagar Mike Berridge a Niyu Zilan tare da Jiri Neuzil suka cire wa ƙwayoyin kansa DNA ɗin maitokondiriyarsu gaba ɗaya suka dasa su a jikin ɓeraye, sai ƙarin ya yi jinkiri bai fito ba, da ya fito daga baya aka duba sai aka tarar ƙwayoyin sun samo DNA ɗin maitokondiriya daga jikin ɓeran da aka dasa su. Ma'ana sai da suka samo na wani sannan suka iya ci gaba. Dama tun 2004 wasu masana a Haidelbag ta Jamus sun bayyana wasu siraran bututu da ƙwaya ke miƙawa zuwa maƙwabciyarta har kaya su bi ta ciki su wuce. Kun ga an san kansa na karɓa, an san akwai hanya, saura a san wa ke bayarwa.

Yanzu mu koma gefen jijiya.

Likitocin da ke duba nama a madubin ƙara girma sun fi shekara ɗari suna ganin ƙwayoyin kansa sun nannaɗe jijiya, suna binta suna tafiya. An fi ganin haka a kansar fankiriyas, wato gaɓar nan da ke samar da insulin, inda mafi yawan marasa lafiya ke da shi kuma yana cikin dalilan da suka sa ciwonta ke da azaba sosai har ya riƙa sukar baya, haka ma a kansar furostet, ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kansar baki da maƙogwaro. Kuma an daɗe da sanin cewa in rahoton gwaji ya nuna kansa ta kama jijiya, to yawanci al'amarin ya fi tsanani. Sai dai fahimtar da aka yi wa abin a da ita ce jijiya hanya ce kawai mai sauƙin bi, ba ruwanta, ita ma zaluntarta aka yi. Wani likita mai suna Gustavo Ayala na cikin waɗanda suka fara cewa a'a, ruwa ba ya tsami banza. A 2001 ya haɗa ƙwayoyin kansar furostet da dunƙulen jijiya na ɓera a faranti ɗaya, sai jijiyar ta fara miƙo rassa zuwa wajen kansar, ita kuma kansar ta kama rassan ta bi su zuwa wajen jijiyar, kowa na neman kowa. Daga baya aka fahimci cewa kansar ce ke fitar da sinadaran kira, irin su NGF, sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen tsirar da jijiya, sai jijiyoyi su yi ta tsirowa suna shiga cikin ƙarin.

A 2013 Claire Magnon da Paul Frenette a Niyu Yok suka buga wani aiki a mujallar Science da ya sa kowa ya dawo da hankalinsa nan. Sun nuna a ɓeraye cewa jijiyoyin da ke aiki lokacin firgici, masu fitar da dangin adirenalin, suna taimaka wa kansar furostet ta kafu tun da farko, su kuma jijiyoyin da ke aiki lokacin hutu suna taimaka mata ta kutsa ta bazu. Shekara ɗaya bayan haka tawagar Timothy Wang a Jami'ar Kolombiya da Duan Chen a Nowe suka yanke jijiyar da ke zuwa ciki a ɓeraye, a wasu kuma suka kashe aikinta da allurar Botox, sai kansar ciki ta ragu sosai, maganin kimo ma ya fi kama ta. Daga nan an tabbatar kansa na dogara da jijiya, amma me take samu takamaimai, wannan ne aka yi ta tono.

To a watan Yuni na 2025 mujallar Nature ta fitar da wani bincike daga tawagar Simon Grelet na Jami'ar Kudancin Alabama tare da shi Gustavo Ayala ɗin nan da ke Hiyustan, kuma ni dai a ganina yana cikin ayyukan da suka fi ɗaukar hankali a wannan fanni, saboda yadda suka bi abin mataki mataki ba su bar ƙofa a buɗe ba. Da farko sun kashe aikin jijiyoyin da ke kewaye da kansar nono a ɓeraye, sai suka ga aikin samar da makamashi na ƙwayoyin kansar ya yi ƙasa, kutsensu ma ya ragu. Sai suka koma faranti suka haɗa ƙwayoyin jijiya da na kansa, a nan ne suka ga abin da ya fi ba ni mamaki, jijiyar da ke kusa da kansa sai ta ƙara yawan maitokondiriyar da take ƙerawa, sannan sai ga su suna wucewa zuwa cikin ƙwayar kansa ta waɗancan siraran bututun. Da suka raba su da wata ƴar tankaɗe yadda ba za su taɓa juna ba, sai wucewar ta ragu ƙwarai, kenan sai an haɗu jiki da jiki abin ya fi tafiya. Sun kuma gwada da ƙwayoyin kansar da aka cire wa DNA ɗin maitokondiriya, waɗanda ba sa iya samar da makamashin kirki, da aka ajiye su kusa da jijiya sai suka farfaɗo.

Amma ganin abu a faranti daban, nuna cewa yana da tasiri a jiki daban. Matsalar ita ce in ƙwaya ta karɓi maitokondiriya yau, gobe ta rabu biyu, jibi huɗu, alamar da ka sa wa baƙuwar maitokondiriyar za ta dusashe ka rasa wace ce ta karɓa wace ce ba ta karɓa ba. Sai suka ƙirƙiro wata dabara da suka sa wa suna MitoTRACER. Sun shirya ƙwayoyin kansar yadda za su riƙa haske ja, sannan suka maƙala wani sinadari a jikin maitokondiriyar jijiyar, da zarar maitokondiriyar ta shiga cikin ƙwayar kansa sai sinadarin ya saku ya je ya canza wani wuri a DNA ɗinta, daga nan ta daina ja ta koma kore har abada, ita da ƴaƴanta da jikokinta. Kun ga yanzu duk inda aka ga kore a jikin ɓera an san zuriyar wadda ta karɓa ce.

Da suka dasa cakuɗar ja da kore a nonon ɓeraye suka bar ciwon ya bazu, sai suka ƙirga. A asalin ƙarin, koren kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai. A waɗanda suka sauka a huhu sun kai kimanin kashi 27, a ƙwaƙwalwa kuma kimanin kashi 46. Ku duba lissafin nan da kyau jama'a, ƴan tsiraru ne a gida amma su ne suka kusa zama rabi a wuri mafi wahalar shiga. Gwaje-gwajen da suka yi a kan koren sun nuna dalili, suna samar da ATP fiye da sauran, suna jure waccan ƙunar sinadaran, suna jure bugun ruwa irin wanda ake samu a cikin jini, wato daidai abubuwan da muka ce su ke kashe sauran a hanya. Maganar ƙwaƙwalwa ma tana da ma'ana in aka yi tunani, domin ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba amma tana cinye kusan kashi 20 na makamashinsa, ƙwayoyin jijiya na cikin waɗanda suka fi kowa dogaro da maitokondiriya, to ƙwayar kansar da ta riga ta samu kayan aikin jijiya ba mamaki ta fi iya zama a unguwar jijiyoyi. Sun kuma duba naman kansar furostet na mutane, suka ga ƙwayoyin da ke kusa da jijiya sun fi tara maitokondiriya.

Akwai abin da nake so mu lura da shi a nan, domin labarai da yawa sun ruwaito abin da cewa kansa na sata. Ni ina ganin lamarin ya fi sata ban tausayi. Jijiyar fa ƙara ƙerawa take yi, kamar wadda aka roƙa take ƙoƙarin biyan buƙata. Kuma in muka duba yadda jiki ke aiki a lafiyarsa, miƙa maitokondiriya tsakanin ƙwayoyi abu ne na taimakon juna, an ga haka a huhu da ƙwaƙwalwa inda ƙwaya mai lafiya ke agaza wa wadda ta jikkata. Jijiya ma aikinta ne ta shiga rauni ta taimaka wajen warkewa, akwai wani ɗan dangin kwaɗo mai jela da ke iya tsirar da sabuwar ƙafa in an yanke, amma in aka raba wurin da jijiya ƙafar ba za ta fito ba, wannan sananne ne tun ƙarni na 19. Wani masani, Harold Dvorak, ya taɓa bayyana kansa a 1986 da cewa rauni ce da ba ya warkewa. To jijiya na jin kira irin na rauni, ta zo da abin da ta saba kawowa, ba ta da hanyar gane cewa mai kiran nan shi zai kashe jikin gaba ɗaya.

Kuma maitokondiriya ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ke wucewa tsakaninsu. A 2020 tawagar Alec Kimmelman a Niyu Yok ta nuna cewa kansar fankiriyas, wadda ke zaune a wuri mai ƙarancin jini da abinci, tana samun wani sinadarin gina jiki mai suna serin daga jijiyoyi, tunda ita jijiya tushenta na can nesa inda akwai wadata sai ta riƙa sakin sa ta bakin rassanta, kuma in serin ya yi ƙaranci sai kansar ta ƙara fitar da NGF don ta jawo ƙarin jijiyoyi. A shekarar dai wasu masana a cibiyar MD Anderson suka gano cewa kansar baki da ta rasa ƙwayar gadon p53, wadda aikinta shi ne taka wa kansa birki, tana iya sauya wa jijiyoyin ji hali su koma masu fitar da dangin adirenalin, abin da ke ƙara mata girma. A 2022 kuma tawagar Sebastien Talbot ta nuna a kansar fata cewa jijiyoyin jin zafi na fitar da wani sinadari, CGRP, da ke gajiyar da sojojin jikin da ya kamata su kashe kansar.

Su kansu sojojin jikin ba su tsira daga rikicin maitokondiriya ba. Masana a Bostan sun ɗauki hoton ƙwayoyin kansa suna miƙa bututu suna zuƙe maitokondiriyar sojojin, a farkon 2025 kuma tawagar Yosuke Togashi a Japan ta nuna akasin haka, kansar na tura musu nata lalatattun sai su raunana. Ta karɓi mai kyau ta bayar da mara kyau kenan.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa kuwa ya wuce nan. A 2019 tawagogi biyu, ta Michelle Monje a Jami'ar Stanford da ta Frank Winkler da abokan aikinsa a Haidelbag, kowa a gefensa, suka nuna cewa ƙwayoyin kansar ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma suna ƙulla mahaɗa ta gaske da ƙwayoyin jijiya, irin mahaɗar da jijiya ke yi da ƴar uwarta, har saƙon lantarki na shiga cikinsu yana sa su girma da kutsawa. Wato aikin ƙwaƙwalwa na yau da kullum, wanda mutum ba zai iya dakatarwa ba, shi ke rura wutar ciwon, ita kuma kansar tana ƙara tayar da jijiyoyin da ke kewaye da ita, shi ya sa masu wannan ciwon ke yawan fama da farfaɗiya. A fitowar mujallar Nature ɗin da ta buga waɗannan ayyuka biyu, tawagar Douglas Hanahan a Siwizalan ta nuna ƙwayoyin kansar nono da suka isa ƙwaƙwalwa suna raɓawa jikin mahaɗar jijiyoyi suna kwasar sinadarin saƙon da ke zuba. Monje da Winkler sun karɓi babbar kyautar binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Denmak a 2025 saboda wannan aiki, kun ga fannin ya tashi daga zato ya zama ilimi tsayayye.

Yanzu ga inda nake so mu yi hattara sosai, domin na san yadda irin wannan labari ke rikiɗa in ya shiga hannun masu neman kasuwa, kuma mai ciwo da danginsa a shirye suke su kama duk igiyar da aka miƙo musu.

Mafi yawan abin da na lissafo a faranti da ɓeraye aka gan shi. Alƙaluman 5 da 27 da 46 ɗin nan daga wani nau'in kansar nonon ɓera ne mai tsananin yaɗuwa, a wani tsarin gwaji na musamman, bai halatta wani ya ɗauko su ya ce haka yake a jikin mace mai kansar nono ba. Sannan ba kowace jijiya ce ke goyon bayan kansa ba, wannan yana da muhimmanci, domin ita waccan jijiyar da aka yanke kansar ciki ta ragu, da aka yanke ta a ɓeraye masu kansar fankiriyas sai ciwon ya ƙara sauri, tawagar Timothy Wang ɗin ce dai ta ga haka a 2018. Kenan wane irin jijiya, a wace gaɓa, a wane mataki na ciwo, duk sai an tantance. Wanda ya ce maka a kashe jijiya kawai kansa ta mutu bai karanta rabin labarin ba.

Maganar damuwa ma haka. Gaskiya ne a ɓeraye an ga takura mai tsawo na ƙara yaɗuwar kansa ta hanyar dangin adirenalin, Erica Sloan ta nuna haka a 2010 da kansar nono, kuma maganin hawan jini mai suna furofuranolol ya toshe tasirin. Daga baya a Ostireliya an gwada ba wa mata 60 ko dai maganin ko na bogi na tsawon mako ɗaya kafin tiyata, aka ga alamomin yaɗuwa a cikin naman ƙarin sun ragu a waɗanda suka sha na gaske, amma alamomi ne a nama, gwajin bai auna tsawon rai ba. Don Allah kada wani ya ɗauki wannan ya je ya ce wa mara lafiya ai ke kika jawo wa kanki da yawan tunani, wallahi wannan zalunci ne a kan wanda ke cikin jarrabawa, kuma binciken da aka yi a kan ɗimbin mutane bai tabbatar da cewa damuwa ce ke haddasa kansa ba. Haka kuma kada wani ya fara shan maganin hawan jini da kansa ko ya nemi a yi masa Botox don kansa, maganin na iya saukar da bugun zuciya ya kuma tayar wa mai asma da ciwonsa, likitan da ke duba ka ne kaɗai zai yanke wannan. Haka masu cewa a daina cin sukari kansa za ta mutu da yunwa, duk abin da muka tattauna yana nuna yadda take sauya hanya ne in an toshe mata ɗaya, jiki kuma da kansa yake ƙera sukari a hanta ko ka ci ko ba ka ci ba, mara lafiyar ne zai rame a banza a lokacin da ya fi buƙatar ƙarfi.

Duk da haka ni ina da fata mai ƙarfi a kan wannan fanni, saboda wani dalili na zahiri. Magungunan da ke aiki a kan jijiya sun riga sun cika ɗakunan magani, na farfaɗiya, na hawan jini, na ciwon kai, an san illolinsu an san adadin da ake sha, don haka gwada su a kan kansa ya fi ƙirƙiro sabo daga tushe sauri. Maganin farfaɗiya mai suna feramfanel, wanda ke toshe irin mahaɗar da giliyoma ke amfani da ita, ya rage kutsen ciwon a ɓeraye kuma an shiga gwada shi a mutane a Jamus. Shi ma Ayala ya taɓa yin wani ɗan ƙaramin gwaji inda aka yi wa wasu ƴan maza kaɗan allurar Botox a gefe ɗaya na furostet kafin a cire shi, aka ga ƙwayoyin kansa sun fi mutuwa a gefen da aka yi wa allurar.

A maganar maitokondiriya kuwa aikin ya fi wuya, domin babu maganin da aka amince da shi yanzu da ke rufe waɗancan bututun shi kaɗai. Da sinadarin aktin ake gina su, shi kuma aktin kusan kowace ƙwaya a jiki na amfani da shi wajen riƙe siffarta da motsi da rabuwa, in ka toshe shi gaba ɗaya ka kashe mai lafiya tare da mara lafiya. Abin da ake nema shi ne takamaiman sinadarin da kansa ke aika wa jijiya har ta ƙara ƙira, ko abin da ke ɗaukar maitokondiriyar ya tura ta cikin bututun, akwai wani furotin mai suna Miro1 da aka san yana jan maitokondiriya a cikin ƙwaya kuma masana na sa masa ido. Sannan akwai batun lokaci, tunda koren nan tun a asalin ƙarin suka karɓi kayan kafin su tashi, duk maganin da za a samu zai fi amfani ne a farko, kafin tiyata ko dab da ita, ga mutumin da aka gano ciwonsa da wuri ƙwayoyin ba su riga sun fita ba.